Igiya Mai Ƙulli Ashirin da Ɗaya

Daga Allah muka zo, kuma gare shi kowa zai koma, mai kaki da marar kaki. Mijin yayata ya rasu ranar Asabar da hantsi a gidansa na unguwar Wadata a Yamai, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Ni na riƙa zuba ruwa lokacin wanka, babban ɗansa yana cuɗawa. Da muka zo kan hannunsa na dama sai na kawar da kai, don ban iya kallon babban yatsan nan ba. Dalilin zai zo a gaba.

Mutane sun zo sosai. Telolin layinmu sun rufe kekunansu yini guda. Maƙwabta Zabarmawa suna shigowa suna cewa fonda tilas, gaisuwarsu ta ta'aziyya, matansu suna wucewa ciki wajen yayata, wadda ta zauna a kan tabarma ba ta kuka, sai dai ta riƙa gyara bakin mayafinta. Tsofaffin jandarmomi huɗu sun zo tare, biyu da sanduna, ɗaya jikansa na riƙe da shi. Da aka fito da makara sai suka miƙe da ƙyar suka sara masa. Yawancin mutanen unguwa sun yi mamaki, don su abin da suka sani shi ne tsoho mai kujerar ƙarfe da rediyo a ƙofar gida, wanda aka ce ya yi aikin buga hatimi a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau har ya ajiye aiki. Kaɗan ne suka san ya taɓa riƙe birgad, wato ofishin jandarma, a daji. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce da na kusa da shi, a hankali, ai mutumin kirki ne, sai dai abin nan na ranar Juma'a. Na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa, ya yi shiru.

Ranar Lahadi wani baƙo ya zo. Dogo ne, ya manyanta, da baƙin rawani da sandar kiwo, ƙafafunsa sun nuna daga nesa ya fito. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya ce ya ji labarin rashi. Bai ce Allah ya jiƙansa ba. Ya je ƙarshen rumfa ya zauna. Aka kawo masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye kofin a gabansa, bai kai baki ba. Da la'asar ya tashi ya tafi, ruwan yana nan. Washegari ya dawo, ranar addu'ar uku. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, shi kuwa hannayensa suna kan gwiwoyinsa. Babban ɗan marigayi ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, wane ne wannan? Mata sun fara magana a ciki." Na ce ban san shi ba. Fuskarsa kam ban gane ta ba, shekaru sun yi yawa. Amma na ga abin da ya naɗa a wuyan hannunsa, wata tsohuwar igiyar fata da ta yi baƙi, kuma ita na san ta.

Ni ba mai karatu ba ne, a aji biyar na bar lakkol, wato makarantar boko. Ina rubuta wannan don 'ya'yansa da jikokinsa su san wanda aka binne, don abin da ake faɗa a kansa a wancan yanki ba daidai ba ne, kuma ni kaɗai na rage da zan iya gyarawa.

Lokacin da aka ba shi birgad, yayata ta roƙe shi ya tafi da ni, don na iya mota kuma zaman Yamai ya fara lalata ni. Aka ɗauke ni direba. A gida Yaya nake ce masa, a wajen aiki Kumandan. Garin ba zan faɗi sunansa ba. Birgad ɗin ɗaki uku ce: biro, ɗakin bindigogi da rediyon kira, sai kaso inda ake tsare mutane. Jandarmomi shida, mota ɗaya, ga ƙauyuka da rugage da mutum ba zai zagaye su a mako guda ba. In an saci shanu, mu ne. In mutum ya faɗa rijiya, mu ne za mu je mu gani kafin a binne. In mota ta kife da 'yan kasuwa, in an kai ƙara, in alƙali ya aiko da takardar sammaci, in za a kai ɗaurarre babban gari, duk mu ne. Yakan ce mana mutanen nan ba su taɓa ganin gwamnati ba, mu suke gani, saboda haka in ɗayanmu ya yi ƙarya, a wurinsu ƙasa gaba ɗaya ce ta yi.

Yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi a lokacin. In muka je sasanta magana, ba ya cin komai a wurin. Manoma su kawo fura, makiyaya su kawo nono, ya yi godiya ya ajiye a gabansa. Yana da jakar fata da ƙuli-ƙuli da dabino, da gorar ruwansa. In an matsa masa sai ya ce gidan da yake da magana da shi, ba ya shan ruwansa sai an gama maganar. Ni kuwa ina zaune a mota yunwa na cina, ina kallon ƙwaryar nono tana tsami a rana. In an gama, aka yi musabaha, sai ya ɗauki ƙwaryar ya sha har ya ga gindinta, kowa ya san an rufe ke nan.

Na ga faɗansa sau ɗaya da sarkin yankin. An kama ɓarawon awaki ranar kasuwa, dogarai suka ɗaure shi a jikin itace a tsakiyar rana, yara da manya suna jifa. Kumandan ya ratsa taron ba tare da bindiga ba, ya sa wuƙarsa ya yanke igiyar. Sarki ya aiko a ce masa tun kafin a haifi kakansa haka ake yi a garin nan. Ya je da kansa, ya cire hularsa a ƙofar fada, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya ce ranka ya daɗe, daga lokacin da aka kama mutum ransa ya hau wuyana, in ya mutu a jikin itacen nan ni za a tambaya, duniya da lahira. Wata uku sarki bai amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa bai fasa zuwa gaisuwar kowace Juma'a ba, har sarkin ya gaji ya amsa.

Waɗanda ke kaso daga tukunyar gidansa suke ci. Yayata takan yi mita tana kwasar tuwo, ta ce ita dai ba ta san ko jandarma ta aura ko gidan kaso ba. Shi kuma ya ce ta ƙara miya, na yau Bazabarme ne, ba ya son tuwo gaya. Ta ce to ya zo ya kaɗa da kansa tunda baƙonsa ne. Haka suke, amma ban taɓa ganin ranar da kwanon bai fita ba.

Babban aikin shekara shi ne sakin gona. Da damina makiyaya sukan yi arewa da dabbobinsu. In an yi girbi sai su gangaro, shanu su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. Kowa na amfana, in dai an gangaro a ranar da ta dace. In shanu suka riga ranar, wake na ƙasa, dammunan gero ba su shiga rumbu ba, to abin da ke biyo baya jini ne. Saboda haka akan yi taro da sarki da masu gari da hukuma a tsayar da rana. Manoma suna ji daga bakin mai shela a kasuwa. Makiyayan da ke can nesa kuwa takarda ake aika musu, da Faransanci, wadda ba mai karantawa a ruga. Wata shekara mun tarar an ƙunshe ganyen shayi da ita.

Shi ya sa Kumandan ya fito da dabarar igiya. Ranar da aka tsayar da magana sai ya ɗauki igiyar fata, ya ɗan jiƙa ta, ya ƙulla ƙulli ɗaya domin kowace rana da ta rage. A kai wa arɗo, shugaban makiyaya. Kowace safiya arɗo ya kwance ɗaya. Ranar da ya kwance na ƙarshe, gona ta saku. Dokarsa biyu ce ga ɗan aike: igiya ta isa a ranar da aka ƙulla ta, kuma kada wani hannu ya taɓa ƙullin in ba na arɗo ba. Bai yarda a faɗi ranar da baki ba, don ya ce magana tana canza kama a hanya. Shekara huɗu ana haka ba a zubar da jinin ko akuya ba. Makiyaya har suna suka sa masa, Mai Igiya.

A shekara ta biyar an yi taron ranar Litinin, ranar kasuwa. Aka ce nan da kasuwa uku. Kumandan ya zauna a kan benci a ƙofar biro ya ƙulla ashirin da ɗaya, yana bin su da babban yatsansa yana ƙirgawa sau biyu. Ya miƙa mini ya ce in kai wa arɗo a mashekarinsu na arewa, in kwana can, in dawo Talata.

A hanya na ji ana kokowa a wani gari da ke gefe, kuma wani ɗan kokowar yankinmu zai shiga fili. Na ce awa biyu ba za ta ɓata komai ba. Na saki hanya. Kokowar ma ban ga ƙarshenta ba, don namu ya sha ƙasa tun zagayen farko. Da zan koma sai na yanke ta wani kori, busasshen rafi, don in rage tafiya, motar ta nutse a yashi, ina ta fama har wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta. Kafin a samu maƙeri ya haɗa shi, kwana uku sun tafi. Ranar Alhamis da safe, ina zaune a inuwar motar, na ciro igiyar. Na ce a raina tunda Talata da Laraba da Alhamis sun wuce, bari in gyara lissafi. Na sa haƙori da farce na kwance uku. A lokacin gani nake wayo na yi.

Na isa mashekari da azahar. Arɗo dattijo ne mai natsuwa, ya san dokar Kumandan fiye da ni. Ya karɓi igiyar da hannu biyu, ya dube ni, ya dubi ƙurar da ke jikin motar, ya tambaye ni yaushe aka ƙulla ta. Na ce Litinin. Ya lanƙwasa yatsu uku, Talata, Laraba, Alhamis. Sannan a gabana, ina tsaye, ya kwance uku.

Na gani. Wannan shi ne abin da nake so a rubuta daidai. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin fahimta ba. Na ga yatsunsa suna kwancewa, na san an kwance kwana ukun nan sau biyu, bakina ya buɗe ya rufe. In na yi magana, sai na faɗa a gaban dattijo da 'ya'yansa cewa na taɓa igiyar Kumandan, kuma maganar za ta koma birgad. Na ce a raina kwana uku ba komai ba ne, yawancin mutane sun kwashe amfaninsu. Na ce zan faɗa wa Kumandan in na koma. Aka kawo mini nono na sha, na ƙoshi. Da na koma sai na ce masa na kai igiya tun Litinin, a hanyar dawowa ce mota ta lalace. Ya duba ƙarfen da maƙeri ya haɗa, ya ce sannu, ka sha wahala. Daga nan ƙofa ta rufe mini. Kwana goma sha biyar ina tashi kowace safiya ina ƙirga ƙullin da ke hannun wani mutum can arewa, ina cewa gobe zan faɗa.

Igiyar ta ƙare ranar Juma'a maimakon Litinin. Shanu suka gangaro ta burtali da hantsi, suka bazu cikin gonakin wani ƙauye. Maza duk sun tafi babban gari sallar Juma'a. Mata da tsofaffi ne a gona suna roron wake. Shanu suka tattake wata mata mai ciki. Aka ruga aka faɗa a masallaci. Maza suka dawo da lauje da gatari. Kafin mu isa, ƙaramin ɗan arɗo, wanda bai cika shekara da aure ba, yana kwance a kan kara an sare shi a wuya. Matar ta rayu, cikin bai rayu ba. Mijinta ne ya yi saran. Ya zo da kansa ya tsaya a gaban Kumandan da gatarin a hannu.

Washegari aka taru a gindin wani babban gawo tsakanin ƙauyen da ruga. Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Manoma a gabas, makiyaya a yamma, kowa ya ajiye makaminsa a inda hannu zai kai. Mun ji an aika wasu rugage da wasu ƙauyuka, mutane na hanya. Mu bakwai ne a tsakiya. Mai gari ya ce shela ta ce Litinin, kowa ya ji a kasuwa. Arɗo, wanda ya binne ɗansa da safen nan, ya miƙe ya ɗaga igiyar, ba ƙulli ko ɗaya. Ya ce direba ya kawo ta ranar Alhamis, ya kwance uku na kwanakin da suka wuce, sannan ɗaya kowace safiya har goma sha biyar, kuma ya rantse bai riga rana ba. Wani daga gabas ya ce ƙarya ne. Na ji sanduna suna motsi a ƙasa.

Kumandan ya miƙa hannu aka ba shi igiyar. Fata in an ƙulla ta da danshi takan bar ɗan gurbi a inda ƙullin ya zauna, ido ba ya gani sosai, amma yatsa na ji. Na ga babban yatsansa yana bin ta daga farko, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe. Bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya mayar wa arɗo igiyarsa, ya cire hularsa, ya ce da ƙarfi yadda kowane ɓangare zai ji:

"Arɗo bai yi ƙarya ba. Mai gari bai yi ƙarya ba. Goma sha takwas na ƙulla. Ni na yi kuskuren lissafi, jinin nan a wuyana yake."

Aka yi ta zaginsa daga gabas da yamma. Wata tsohuwa ta watsa masa ƙasa a fuska, bai goge ba. Amma ba wanda ya ɗauki makami, don wanda za a sara ba ya gabas ba ya yamma. Waɗanda aka kira daga nesa suka iso suka tarar ba abin yi, suka juya. Shi da kansa ya kai manomin gaban alƙali, ba ankwa, a kujerar gaba, ni ina tuƙi. Mutumin ya yi shekaru a kaso, ya fito ba lafiya. Abin da Kumandan ya faɗa a gindin gawo shi ya rubuta a rapor, rahotonsa na hukuma, ya sa hannu. Ba a yi wata biyu ba aka ɗauke shi daga birgad aka kawo shi Yamai, aka ba shi tebur da hatimi. Bai sake riƙe ko ƙauye ɗaya ba. An daina aikin igiya a yankin, aka koma takarda. A can, har yau, in mutum ya yi lissafin banza sai a ce ya yi ƙullin Kumandan.

Ban san wanne ya fi nauyi a zuciyarsa ranar ba, ko mutanen da za su mutu kafin magariba, ko ƙanen matarsa. Abin da na sani shi ne mutumin da ya hana mu ƙarya ya yi guda ɗaya a gaban ɗaruruwan mutane, kuma ni na sa shi.

Bai taɓa tambayata ba. Da muka dawo Yamai shi ya nema mini tuƙin taksi. Shi ya karɓa mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Kwanona yana gidansa kowace sallah. Abu ɗaya ne ya canza: bai sake aikena ba. Ko burodi, ko kiran wani a maƙwabta. Ina zaune kusa da shi da mota a ƙofar gida, sai ya tashi da sandarsa ya tafi Babbar Kasuwa da kansa, ko ya jira wani ya zo. A jinyarsa ta ƙarshe, rannan ni kaɗai ne a ɗakin, maganinsa ya ƙare, na ce Yaya kawo takardar in je in karɓo. Ya dube ni da idanun nan da suka faɗa, ya ce bari, babban ɗansa na hanya. Fiye da shekara talatin ke nan, kuma kullum ina cewa gobe.

Baƙon ya ci gaba da zuwa, Talata, Laraba, Alhamis. Kofi a gabansa, ruwa a ciki. Samarin gidan suka fara cewa a kira hukuma, zamanin nan ba a san wa ke zuwa da me ba. Yayata ta aiko a ce kada wanda ya taɓa shi.

Ranar Juma'a aka yi addu'ar bakwai. Da aka shafa, mutane suka fara raguwa, na tashi na je na zauna a ƙasa a gaban baƙon. Babban ɗan marigayi ya biyo ni ya tsaya. Na ce, "Arɗo, ka zo da magana." Don na gane shi ne babban ɗan tsohon arɗon nan, wanda ya gaje shi.

Ya warware igiyar daga hannunsa ya shimfiɗa a kan tabarma. Ya ce mahaifinsa ya bar masa ita. Ya ce shekara da shekaru yana bin ta da yatsa a wajen kiwo, kuma gurbi ashirin da ɗaya yake samu, alhali yana tsaye mahaifinsa ya kwance goma sha takwas. Sau biyu ya zo Yamai wajen Kumandan, sau biyu yana ce masa abin da ya faɗa a gindin gawo shi ke nan. Ya ce shi bai zo da sharri ba. Amma ba zai iya roƙa wa mutum gafara a kan laifin da bai tabbata nasa ne ba, kuma ba zai iya yafe wa wanda bai san ko wane ne ba. Mahaifiyarsu tana raye, ta makance, kullum tana tsine wa Mai Igiya bayan sallah, shi kuma yana tsoron tana tsine wa wanda ba shi ba.

Na ce, "Ni na kwance ukun. A gindin mota, ranar Alhamis da safe. Ina tsaye mahaifinka ya ƙara kwance uku, na gani, na yi shiru. Kumandan ashirin da ɗaya ya ƙulla."

Na faɗi sauran duka, har kokowar. Ban ɗaga kai ba. Na ji babban ɗan marigayi ya ja da baya taku ɗaya, kamar wanda ya ga maciji a tabarma.

Arɗo ya ce, "Kai ne ka sha nono a gidanmu ranar." Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai. Ya juya ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannayensa, ya roƙa wa marigayi rahama da Fillanci, ya daɗe yana yi, har liman da sauran waɗanda suka rage suka ɗaga nasu suna amin. Da ya shafa sai ya ɗauki kofin ya shanye ruwan.

Na ce to ni fa. Ya ce wannan ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya tsoma yatsu a ɗan danshin da ya rage a kofin, ya shafa wa igiyar, ya ƙulla ƙulli uku, ya ja su da ƙarfi, ya miƙa mini ita. Ya ce akwai tsohuwa makauniya da za ta ji wannan daga bakina, akwai kuma wani manomi da matarsa a ƙauyen gabas da gawo. "Ranar da ka kwance na ƙarshe ka kama hanya. Ni na aike ka. Kada ka ratse."

Da ya tafi na shiga wajen yayata. Labari ya riga ni. Ta ce mijinta bai taɓa faɗa mata komai ba, amma ita ta sani tun watan da ya daina aikena. Ta ce shekara talatin tana zuba mini abinci tana jiran in buɗe baki yana da rai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta fuskanci bango, ta ci gaba da jan carbinta. Babban ɗansa bai ce mini Kawu ba tun ranar, kuma ban ga laifinsa ba.

Ya ku 'ya'yansa da jikokinsa, mahaifinku bai yi kuskuren lissafi ba. Sau biyu ya ƙirga, ina tsaye. Duk wanda ya ce muku ƙullin Kumandan, ku nuna masa wannan takarda. Allah ya yafe masa ƙaryar nan guda ɗaya, ya ɗora ta a kan mai ita, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da mutanen da ba su mutu ba a gindin gawo suna masa shaida.

Hanyar yankin ba ta da kyau a zamanin nan, direbobin tashar Wadata sun ce wani lokaci mota na wucewa, wani lokaci a juyo da ita. Ban san abin da tsohuwar za ta ce ba, ban san abin da jikokinta za su yi ba. Na kwance ɗaya jiya Asabar, na kwance ɗaya yau bayan asuba. Saura ɗaya, kuma gobe Litinin.